Nawa Ne Buhu a Dawanau? Tarihin Waya a Kasuwar Hatsi

A fataucin hatsi, in an cire kuɗin mota, babu abin da ya kai labari tsada. Gero ɗaya ne a Maraɗi da Jibiya da Dawanau, amma kuɗinsa ba ɗaya ba ne, kuma ribar ɗan kasuwa tana cikin wannan 'yar tazara. Wanda ya riga sanin inda buhu ya faɗi da inda ya tashi, shi ke cin kasuwa. Shekaru aru-aru labarin nan tare da kaya yake tafiya, ba ya wuce jakin da ke ɗauke da su. Sai daga shekarar 2001 ya tsere wa kayan, ya riƙa isa cikin daƙiƙa.

A zamanin ayari, labari na madugu ne da fatoma. Fataken Kano masu zuwa Gwanja sayen goro sukan kwashe watanni a hanya da kanwa da tufafi da fatu, ba su san yadda za su tarar da kasuwar Salaga ba, sai ɗan abin da suka tsinta a bakin ayarin da suka yi kiciɓis da shi yana dawowa. In sun isa, fatoma ne idonsu da kunnensu. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya gaya masa abin da ake ciki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba da bashi. La'adar da yake karɓa ba ta masauki kaɗai ba ce, har da ta abin da ya sani. Larabawan Gadamus mazauna Kano kuwa wasiƙa suke rubuta wa abokan cinikinsu a Tarabulus, ta bi raƙuma ta ƙetare Sahara. Kafin amsa ta dawo, farashin da aka tambaya ya daɗe da sauyawa.

Wayar tangaraho Turawa suka kawo ta, kuma don kansu suka kawo ta. A 1886 aka haɗa Legas da Landan da igiyar da ta bi ta ƙarƙashin teku. Daga nan waya ta riƙa bin sawun soja zuwa arewa, tana haɗa bariki da bariki, ofishin razdan da na gwamna. Titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka fara jigilar kaya a shekarar da ta biyo baya. Turawa auduga suka sa wa rai don masaƙun Ingila, amma manoma da 'yan kasuwar Kano suka auna, suka ga gyaɗa ta fi, ga kuɗi ga abin kaiwa baka in shekara ta ƙi. A cinikin gyaɗar nan aka fara ganin abin da waya ke yi wa kasuwa idan ɓangare ɗaya ne ke riƙe da ita. Kamfanonin Turawa suna samun farashin kasuwannin Turai ta tangaraho, manyan masu saya musu irin su Alhassan Ɗantata suna ji daga kamfani, 'yan baranda suna ji daga manyan, shi kuwa manomi sai ya zo bakin sikeli yake ji, daga bakin wanda zai saya. Daga 1949 ma hukumar sayen gyaɗa ce ke yanke farashin kaka, sai dai a sanar.

Gero da dawa, abincin gida, yawancin cinikinsu ya zauna a hannun 'yan kasuwa, kuma waya ba ta taɓa zama tasu ba. Ranar da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho 18,724 ne a duk ƙasar, ga mutane wajen miliyan 40, kuma mafi yawansu a ofisoshin gwamnati da kamfanoni suke. A 1985 aka haɗe sashen waya na ma'aikatar gidan waya da kamfanin kiran ƙasashen waje, aka kafa NITEL. A shekarar nan ce kuma aka kafa kasuwar Dawanau a bakin hanyar Katsina, wadda ta zama babbar matattarar hatsi ta wannan yanki na Afirka. Biyun sun tashi tare amma ba su san juna ba. Neman layi a NITEL abu ne na cike takarda, da jira na shekaru, da neman wanda ya san wani. In an samu, ruwan sama ɗaya ya isa ya kashe shi. Har yau ana jingina wa ministan sadarwa na ƙarshen shekarun 1980, David Mark, maganar cewa tarho ba na talaka ba ne. Shi ya ce an juya masa magana. Ko ma yaya aka yi, alƙaluma sun faɗa a madadinsa, domin a shekarar 2000 layukan da ke aiki ba su wuce 400,000 da 'yan kai ba, a ƙasa mai mutum kusan miliyan 120. A Nijar, mutum dubu ba su da layi fiye da biyu.

To ina 'yan kasuwa ke samun labari? A tasha. Direban da ya taso daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ko Mai'aduwa ranar Lahadi, ba kaya kaɗai yake ɗauke da su ba. A aljihunsa akwai 'yar takarda da boko ko ajami, a ƙarƙashin kujerarsa akwai ƙunshin kuɗin wani alhaji, a bakinsa kuma akwai farashin kwano. 'Yan kamasho su ne masu rarraba saƙo. Babban ɗan kasuwa yakan ajiye yaro a kowace babbar kasuwa, aikinsa ya saya in ya ga arha, ya aiko da magana in ya ga an tashi. Wannan tsari ya yi aiki, amma amana yake ci, kuma amana sai da jari. Mai ƙaramin ƙarfi ba shi da yaron da zai ajiye a Damagaram. Shi da kansa zai biya mota ya je ya gani, in bai yi masa ba ya dawo hannu rabbana. A Nijar hukuma ta riƙa karanta farashin kasuwanni a rediyo mako-mako tun shekarun 1990, sai dai farashin makon jiya ba ya sayen buhun yau.

A can sama, a tarukan duniya, an daɗe ana gardama a kan ko waya tana cikin abin da matalauciyar ƙasa ke bukata. A 1984 wani kwamiti da hukumar sadarwa ta duniya ta kafa a ƙarƙashin Donald Maitland ya rubuta rahoto, ya nuna cewa tarhon da ke birnin Tokyo kaɗai ya fi na duk nahiyar Afirka. Masu ba da agaji da yawa ba su ga abin damuwa a nan ba. A ganinsu wanda ba shi da rijiya da asibiti, me zai yi da tarho? Amsar ba ta fito daga zauren taro ba. A 1997 a Bangaladash, bankin Grameen ya fara ba matan karkara rancen sayen wayar salula, su riƙa sayar da kira ga maƙwabta. A shekarar ce kuma sabis ya fara isa gaɓar tekun Kerala a kudancin Indiya, inda wani masanin tattalin arziki, Robert Jensen, ya bi diddigin masunta har zuwa 2001. Da, masunci yakan kawo kifinsa kasuwar da ya saba, in ya tarar ta cika sai ya zubar, alhali kasuwar gaba ana neman kifi ido rufe. Da waya ta zo, tun yana kan ruwa yake tambaya. Zubar da kifi, wanda a da ke cin kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na kamun rana, ya ƙare. Ribar masunta ta ƙaru da kashi 8, kuma abin mamaki, kuɗin kifi ga mai saya ya ragu da kashi 4.

Nijeriya ta makara. An kafa hukumar sadarwa ta NCC tun 1992, amma a zamanin soja lasisi abin rabo ne ga na hannun dama, yawancinsu ko turke ɗaya ba su kafa ba. Abin da ya bambanta Janairun 2001 shi ne yadda aka sayar. Gwamnatin Obasanjo ta soke tsofaffin lasisin, NCC a ƙarƙashin Ernest Ndukwe ta yi gwanjo a Abuja a bainar jama'a, kwana uku ana ƙari, har aka tsaya a dala miliyan 285 kowane lasisi. MTN na Afirka ta Kudu ya ci, Econet na Strive Masiyiwa ɗan Zimbabuwe ya ci, sai kamfanin CIL na Mike Adenuga wanda daga baya ya rasa nasa a kan rikicin biyan kuɗi. An ware wa NITEL guda. Kamfanin Mo Ibrahim, injiniyan nan ɗan Sudan da ya shimfiɗa Celtel a ƙasashen Afirka da dama, yana cikin waɗanda suka janye. Shekara biyar bayan haka Celtel ya biya kimanin dala biliyan ɗaya don ya sayi kaso mafi yawa na tsohon Econet ɗin. Wanda ya riƙe waya a Nijeriya a cikin shekarun nan zai tuna yadda layi ɗaya ya riƙa sauya suna, daga Econet zuwa Vmobile, Celtel, Zain, har ya tsaya a Airtel a 2010.

A Agustan 2001 aka fara kira. Ba na talaka ba ne a farko, gaskiya. Layi kaɗai yakan kai naira 20,000 a lokacin da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin tarayya naira 7,500 ne, kira kuma naira 50 minti ɗaya, ko da sallama kawai aka yi aka kashe. Amma mutane suka nemo hanyarsu. Aka sami sana'ar lema da teburi da waya ɗaya a bakin titi da ƙofar kasuwa, a biya a kira. Aka ƙirƙiro filashin, a buga a katse, mai kuɗi ya biyo. Katin waya ya zama hanyar aika kuɗi: ɗa a Legas ya kankare kati ya turo lambar, a kai wa mai lema a ƙauye ya saya ya cire nasa. Ranar 19 ga Satumban 2003 masu waya suka yi yajin aiki irin nasu, suka kashe wayoyinsu don nuna fushi da tsada da yankewar kira. Amma abin da ya karya farashin ba yajin ba ne. Makonni uku kafin nan Adenuga ya dawo da Globacom, ya fara cajin kira da daƙiƙa, abin da na gabansa suka riƙa cewa ba zai yiwu nan kusa ba. Cikin ɗan lokaci duk suka bi. Kuɗin layi ya yi ta zubewa har ya zama ana bi ana roƙon mutane su karɓa.

Sauran aikin wayoyi masu arha suka yi shi. Ƙaramar Nokia mai tocila, wadda samari suka laƙaba wa rakani-kashi, tana kwana huɗu ko biyar ba caji, ta faɗi ƙasa a ɗauka a kakkaɓe. Bayanta 'yan China suka zo da masu layi biyu, don wanda ya san sabis ɗin kamfani ɗaya ba abin dogaro ba ne, wasu har da Hausa a cikinsu. Kasuwar waya ta Farm Centre da ta titin Beirut a Kano suka cika da masu gyara da masu caji da masu tura waƙa da fim, dubban samari da ba wata ma'aikata da ta tsara musu aikin. Zuwa 2020 layukan da ke aiki a Nijeriya sun haura miliyan 200.

Abin da wannan ya yi wa kasuwar hatsi, a Nijar aka auna shi da kyau, kuma dalilin da ya sa aka iya aunawa shi ne sabis bai zo ko'ina rana ɗaya ba. Daga 2001 kamfanonin Celtel da Sahelcom da Telecel suka riƙa kafa ƙarafunansu gari bayan gari, daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram da Tawa, sannan ƙananan kasuwanni. Wata masaniya Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta tattara farashin gero na kasuwannin ƙasar daga kafin zuwan waya har 2006, ta kuma zauna da ɗaruruwan 'yan kasuwa da direbobi da manoma. Sai ta riƙa kwatanta kasuwanni biyu-biyu, kafin sabis ya iso su da bayan ya iso. Ta gano cewa tazarar farashin gero tsakanin kasuwanni masu sabis ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Raguwar ta fi yawa inda kasuwannin suka fi nisa da juna, da inda hanyar da ta haɗa su ba kwalta. Dalili a fili yake. Tafiyar da ke cin rabin yini da kuɗin mota ta koma kiran minti biyu, don haka ɗan kasuwa yana jin labarin kasuwanni fiye da na da kafin ya ɗaure kaya. Inda gero ya yi ƙaranci motoci sukan nufa da wuri, kafin farashi ya yi tashin gwauron zabo.

Duk mai son yabon waya yakan tsaya a nan. Bai kamata ba, domin a tsakiyar shekarun binciken nan ne aka yi yunwar 2005. Ruwa ya ɗauke da wuri a 2004, fara ta biyo baya, gero ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, kuma yankin Maraɗi, rumbun ƙasar, shi ne ya fi cika cibiyoyin ciyar da yara masu tamowa. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Kuɗin sayensa ne babu a hannun manomin da ya sayar da nasa da kaka don biyan bashi, ga shi kuma a arewacin Nijeriya farashi ya fi tsada, don haka buhuna ba su da dalilin haurowa Nijar. Waya tana iya gaya wa mutum inda gero yake da arha. Ba ta iya sa masa jaka goma a aljihu.

Aker ta koma da wani abokin aikinta, Marcel Fafchamps, suka duba ɓangaren manomi. Abin da suka samu bai da daɗin ji. Tazarar farashin da ake biyan manoma ta ragu da kashi 6 a wake, wanda ƙwari ke hana ajiye shi, amma a gero da dawa ba wani sauyi, kuma ba su ga alamar cewa kuɗin da ke shiga hannun manomi ya ƙaru ba. Wannan ba zai ba kowane ɗan ƙauye mamaki ba. Manomi mai buhu biyu da amalanke ya ji cewa a Kwanni an fi saye da tsada, sai me? Kuɗin kai su can ya cinye ribar, ga bashin mai taki, ga suna ranar Asabar. Zai sayar a kasuwar da ƙafarsa ke kaiwa. Labari yana amfanar wanda ke da mota da sito da halin jira. Abin da manomin ya samu ƙarami ne amma ba banza ba: dillali ba ya iya yi masa rantsuwa a kan farashin Dawanau kamar da, don ɗansa na iya bugawa ya tambaya.

Gwamnatoci, ganin abin ya karɓu, sai suka shigo da manyan tsare-tsare, kuma a nan tarihin ya rabu biyu. Akwai na ado. A Mayun 2007 China ta harba wa Nijeriya tauraron ɗan'adam na sadarwa, NigComSat-1, aka yi ta murna. A Nuwamban 2008 faifan da ke tara masa hasken rana ya lalace, ya mutu, sai a Disamban 2011 aka harba madadinsa. NITEL kuwa aka yi ta neman mai saye, wannan ya karɓa ya kasa, wancan ya karɓa a ƙwace, har aka sayar da abin da ya rage a kan dala miliyan 252, ƙasa da kuɗin lasisi ɗaya na 2001. Intanet mai sauri da aka samu daga 2010, igiyoyin ƙarƙashin teku na 'yan kasuwa ne suka kawo ta, MainOne na Funke Opeke da Glo-1.

Akwai kuma waɗanda suka hau kan wayar da ke aljihun mutane, kuma su ne suka taɓa ƙasa. Takin gwamnati tsohon ciwo ne a arewa: a saya da kuɗin jama'a, a raba wa 'yan siyasa, ya ɓulla a kasuwa ko a ƙetaren iyaka. Ministan gona Akinwumi Adesina ya ce manoma 11 ne kacal cikin 100 ke ganin takin tallafi. A 2012 ya fitar da gwamnati daga saye da rabo. Aka yi wa manoma rajista, sama da miliyan 10 a lissafin ma'aikatar, kowa a turo masa saƙo a waya, ya je wurin dilan taki ya biya rabin kuɗin buhu biyu ya ɗauka. Ba a rasa matsala ba. Ƙauyuka da yawa ba sabis, saƙo yakan zo bayan an gama noman farko, wasu manoman a nan bakin shago suke sayar da nasu. Duk da haka taki ya isa hannun mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Abin da ya kashe shirin ba na'ura ba ce. Gwamnati ta tara wa dilolin bashin biliyoyin naira, mulki ya sauya a 2015, shirin ya shiririce. Lambar BVN da bankuna suka fara bayarwa a 2014 ta fi shi tsawon rai, kuma da ita ma'aikatar kuɗi ta cire ma'aikatan bogi kusan 24,000 daga albashin tarayya a farkon 2016.

Wani ƙaramin gwaji a yankin Tawa na Nijar ya nuna abin da ba a zata ba. Bayan farin 2009, ƙungiyar agaji ta Concern ta riƙa ba mata tallafin kuɗi wata-wata a 2010, wasu a ambulan, wasu ta waya da tsarin Zap na kamfanin Zain. Kuɗin ɗaya ne, amma gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri. Matan ba su ɓata yini a layi ba, kuma saƙon a asirce yake shigowa, ba a ganin ranar da mace ta dawo da ambulan. Ita ke zaɓar lokacin da za ta faɗa.

A harkar aika kuɗi Kenya ce ta yi zarra. Safaricom ya fara M-Pesa a Maris na 2007, kowane mai shago ya zama ƙaramin banki, kuma wani bincike da aka buga a 2016 ya ƙiyasta cewa tsarin ya fitar da gidaje 194,000 daga ƙangin talauci. Babban Bankin Nijeriya ya ƙi bin wannan hanya. Ya hana kamfanonin waya jagorantar harkar, su kuwa bankuna ba su ga ribar buɗe reshe a Maigatari ba. Haka 'yan kasuwar hatsi da na shanu suka ci gaba da yawo da kuɗi a buhu da cikin taya, 'yan fashi kuma sun san ranar kowace kasuwa. Sai a 2022 MTN da Airtel suka sami cikakken lasisin bankin biyan kuɗi, shekara 15 bayan Kenya. Kafin nan wasu sun riga sun cike gurbin. Dokar wakilan banki ta 2013 ta buɗe ƙofa, kamfanoni irin su OPay da Moniepoint suka watsa na'urorinsu, mai POS ya gaji lemar mai kiran waya, wani lokaci a daidai wurin da waccan take.

Jarrabawar ta zo a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi ba su fito ba. A kasuwannin ƙauye aka sami farashi biyu, na tsaba da na tiransifa. Manomin da ba shi da asusu ya sayar da hatsinsa da arha ga duk wanda ya zo da takarda, masu POS suka riƙa sayar da naira da naira, ciniki ya riƙa tsayawa ana jiran alat da ba ya shigowa. Kotun Ƙoli ce ta kawo sauƙi a ranar 3 ga Maris da ta ce tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki. Amma 'yan makonnin nan sun tura masu awo da 'yan dako da mahauta buɗe asusu a waya fiye da duk wani gangamin wayar da kai da aka taɓa yi. Yau a Dawanau ana sayar da tirela guda ta riɗi ko waken suya, a turo hoton samfur ta WhatsApp, a biya, a loda, mai kayan yana Legas ko Akara bai taka kasuwar ba. Dillali bai mutu ba. Farashi kowa ya sani, amma har yanzu sai an sami wanda zai soka buhu ya duba, ya tsaya a kan awo, ya ce wannan mutumin yana biya.

Wayar da ke kai farashi ita ce kuma ke kai wa ɗan bindiga labarin wanda ya sayar da shanu, da ita ake cinikin kuɗin fansa. Saboda haka a ranar 3 ga Satumban 2021 aka kashe sabis a duk jihar Zamfara bisa roƙon gwamnatin jihar, aka biyo da ƙananan hukumomi 13 na Katsina da sassan Sakkwato da Kaduna, aka kuma rufe kasuwannin mako. Masu POS suka nannaɗe lemarsu, mutane suka riƙa biyan mota zuwa wata jiha don kira ɗaya ko cire kuɗi, kayan abinci suka yi tsada. Bayan watanni aka maido da sabis, harin kuma bai tsaya ba.

Iyaka ma haka. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufe ta Nijar, har Maris na 2024. A duk tsawon lokacin ɗan kasuwar Maraɗi yana jin farashin Dawanau kowace safiya, na Kano yana jin na Maraɗi, motoci kuma suna jere a Jibiya da Illela, albasa tana ruɓewa, hatsi yana bin ɓarauniyar hanya a kan babura da ninkin kuɗi. Ko a lokacin da iyaka ke buɗe, kuɗin dizal da ramukan hanya da shingayen jami'ai su ne ke yanke yawancin tazarar da ta rage tsakanin kasuwannin biyu. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin titin jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar a kan kusan dala biliyan 2. An tsara ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya.